Injin Yankan Sitika na Haɗaka: Kowa Ya Bar Shi Yadda Zai So Ya Tarar

'Yan'uwa masu rubutun allo da buga riguna, musamman mu da ke Mokolo da kewaye: Injin yankan sitika yana da tsada, shi ya sa matasa uku ko huɗu kan haɗa kuɗi su sayi guda su ajiye a shago ɗaya. Tsari ne mai kyau, sai dai a wannan aiki na ga injinan haɗaka da dama sun tsufa tun ba su mai da kuɗinsu ba. Galibi dalilin ɗaya ne: kowa ya zo sai ya murɗa saiti yadda ya ga dama, ya gama ya tafi bai gaya wa na bayansa ba. Mu kuwa tsakaninmu da Marwa kilomita kusan 80 ne. Ƙaramin abu in ya lalace sai an aika can, wani lokaci har Garwa ko Duwala, aiki ya tsaya cik.

Mu fara da wuƙa, don nan ɓarna ta fi yawa. Sitika hawa biyu ce: leda mai gam a sama, takarda a ƙasa. Kaurin ledar da muka fi amfani da ita bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Aikin wuƙa ta ratsa ledar ta tsaya, ta bar ɗan zane kawai a jikin takardar. Don haka tsinin da ake fitarwa daga mariƙinta kaɗan ne ƙwarai, wanda yatsa zai ji amma da ƙyar ido zai gani. Kafin ka saka mariƙin a inji, riƙe shi a tsaye ka zana da'ira a kan guntun sitika da hannunka. In ledar ta rabu, takardar kuma ba ta huje ba, ka daidaita. Sabon yaro in ya ga yanka bai fita ba, sai ya ƙara fito da wuƙa, ya ƙara nauyin dannawa. Nan take tsinin ya ratsa takarda ya shiga farin layin robar da ke ƙarƙashi ya yi masa kwari. Daga ranar duk wanda ya zo yanka sai haruffansa su riƙa tsinkewa a daidai wurin, ana ta zagin inji.

Wuƙaƙen ma iri-iri ne. Mai digiri 45 ita ce ta sitikar yau da kullum. Mai digiri 60 ta abu mai kauri ce, kamar leda mai gashi-gashi ta riguna ko mai ƙyalli da ake manna wa babura da motoci. Mai ƙyallin nan tana cin baki da sauri. Wanda ya yanka ta da wuƙar kowa ya cuci mai ƙananan haruffa da zai zo bayansa. A shagonmu kowa da mariƙinsa da wuƙarsa, an sa musu alama da fenti. Ya gama, ya cire abinsa ya tafi da shi.

Kusan kowane inji yana da maɓallin gwaji da ke yanka ɗan ƙaramin zane a gefe. Duk lokacin da aka canja naɗin sitika, a gwada, ko da launi kawai aka canja. A duba ƙananan tayoyin da ke danne sitika, su zauna daidai kan sandar nan mai kaushi. In aikin mai tsawo ne, a tura naɗin gaba a dawo da shi baya a gani ko yana karkacewa kafin a saki wuƙa. Idan an tashi, a ɗaga hannun tayoyin. In suka kwana a danne, robarsu takan lotse.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga mariƙi ta hana wuƙa juyawa, sai kusurwar haruffa ta riƙa fita a tauye. A rufe inji da zane, a riƙa goge shi da burushi mai laushi. Bushewar iska kuma tana sa leda ta tara wutar nan da ke ɗan tsikarar hannu, har inji ya rikice a tsakiyar dogon aiki ya ja layi ya ratsa zane. Maganinsa waya daga jikin inji zuwa ƙafafunsa, sannan zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙasa. A zafin Maris da Afrilu gam kan yi laushi, saboda haka a jingine naɗi a tsaye cikin inuwa, nesa da kwanon rufi. Inji da kwamfuta su samu batirin ajiyar wuta, amma kada a jona injin gasa riga a kansa, don shi kaɗai yana jan abin da ya zarce wat 1,000.

A ɓangaren kwamfuta, inji layi yake bi, ba ya gane hoton da aka turo ta WhatsApp sai an sake zana shi a CorelDraw ko Inkscape. A mai da rubutu zane kafin a kai shi wata kwamfutar. Allunanmu na ɗauke da Faransanci da Fulatanci da Hausa, kuma ba kowane salon rubutu ke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba, don haka a sa mai aiki ya karanta ya amince kafin a yanka. Ledar riga kuwa a juye ake yanka ta, kamar a madubi. Yawancinta tana kamawa a zafin digiri 150 zuwa 160 cikin daƙiƙa 10 zuwa 15, amma a bi abin da kamfanin ledar ya rubuta.

Sai maganar lafiya. Yawancin sitika robar PVC ce, hayaƙinta yana ƙona maƙogwaro da huhu. Kada a ƙona guntayenta a bayan shago, kada a hura gawayin shayi da su.

Rigimar haɗaka takan tashi ne lokacin cunkoso: bikin matasa na 11 ga Fabrairu, ranar mata ta 8 ga Maris, bikin ƙasa na 20 ga Mayu, da komawa makaranta a Satumba. Tun kafin lokacin ku zauna ku raba sa'o'i. Ku ajiye littafi kusa da inji, kowa ya rubuta irin ledar da ya yanka, da nauyi da gudun da ya sa, da duk wani baƙon sauti da ya ji. Ku ware wani abu daga kowane aiki a asusun gyara, a sayi wuƙaƙe da layin roba a ajiye tun ba a buƙace su ba. Ku naɗa mutum ɗaya mai kula, wanda in ya yi gyara ba za a ɗauka da zafi ba, tunda gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yaron shago kuma kada maigida ya bar shi shi kaɗai da inji sai ya iya saita wuƙa da hannunsa a gabansa.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya ba mu ciniki na halal.