Ɗalibin Hausa da Harshen Kwamfuta: Darasi Daga Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin Hausa da ba a taɓa yi masa wannan tambaya ba: "To, in ka gama me za ka yi da ita?" Amsar da aka saba bayarwa ita ce koyarwa, ko aikin rediyo, ko fassara. Wannan maƙala za ta ƙara guda a kai, wato aikin tsara manhajar kwamfuta. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tsara manhaja aikin harshe ne kafin ya zama aikin lissafi, kuma akwai gurbi a cikinsa da babu mai iya cike shi sai wanda ya san Hausa ciki da bai.

Abin da ya faru a Galadima

A shekarar 2007 an kai wasu ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari makarantar firamare ta Galadima da ke gefen birnin Abuja. Shiri ne na wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, wanda ya yi burin kowane yaro a ƙasashe matalauta ya mallaki kwamfutarsa a kan dala 100. Shirin bai yi nisa a Nijeriya ba. Ministan ilimi na lokacin, Igwe Aja-Nwachukwu, ya nuna cewa bai ga hikimar raba kwamfuta ga yaran da ba su da kujerar zama ba. A ƙarshen shekarar kuma wani kamfani mai suna Lancor ya kai masu shirin ƙara kotu a Legas, yana zargin sun kwaikwayi allon madannansa mai suna Konyin, wanda aka tsara don rubuta harsunan Nijeriya.

A lura da abin da aka yi shari'a a kansa: hanyar da za a danna a sami ƙ da ɗ da ɓ, da ɗigon ƙarƙashin wasulan Yarbanci da Ibo. Wato baƙaƙen da muke kasalar sa wa ƙugiya, su ne wasu suka ga sun kai a je gaban alƙali dominsu.

Yadda kwamfuta ke ganin harafi

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. A shekarun 1960 Amurkawa suka yi wani jadawali mai suna ASCII, mai gurbi 128, suka ba kowane harafin Ingilishi lambarsa. Babban A shi ne 65, ƙaramin a 97, k 107, z kuwa 122. Baƙaƙenmu masu ƙugiya, waɗanda aka fara amfani da su a rubutun boko tun shekarun 1930, ba su sami ko gurbi ɗaya ba.

Da kwamfuta ta iso ƙasar Hausa sai aka yi dabara. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zanen haruffa masu ƙugiya, Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa marubuta da maɗaba'u babban amfani. Irin wannan dabara aron gurbi ce: a sami wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a canza mata zane ta koma ƙ. Lambar da ke ciki ba ta canza ba, riga kawai aka sauya mata. Shi ya sa idan aka kai rubutun wata na'urar da ba ta da wannan zane, sai asiri ya tonu, ka ga }asa maimakon ƙasa, ]aya maimakon ɗaya, ~arawo maimakon ɓarawo. Duk wanda ya yi bincike a tsofaffin rubuce-rubucen Hausa na intanet ya ci karo da su.

Maganin dindindin shi ne jadawalin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991 da nufin bai wa kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa. A cikinsa ƙ ita ce 409, Ƙ 408, ƴ 436, ɓ 595, ɗ kuwa 599. Yanzu ɗalibi ya dubi waɗannan lambobi da kyau, ya tambayi kansa: idan aka ba kwamfuta kalmomi aka ce ta jera su bisa tsarin abacada, me za ta yi? Idan ba a koya mata komai ba, lamba za ta bi. Sai ta kawo baki, kasa, zomo, sannan ƙasa, ɓera, ɗaki a can ƙarshe, domin 409 ta fi 122, kuma ƙ ta riga ɓ. Mu kuwa mun san ɓ na bin b ne, ɗ na bin d, ƙ na bin k. Ban da haka ga baƙaƙe masu goyo irin su sh da ts da ƙw, waɗanda sauti ɗaya ne a wurinmu amma lamba biyu ne a wurinta. Shin tsuntsu zai shiga cikin kalmomin t ne, ko za a ware masa babinsa? Wannan hukunci ba na injiniya ba ne, na masanin ƙa'idojin rubutu ne. Injiniya zai aiwatar da abin da aka gaya masa ne kawai.

Ko wayar salula ta taimaka wajen zubar da ƙugiya. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ guda ɗaya, sai tsarin ya sauya ya koma 70. Wannan dai uzuri ne na jiya. Yau manyan wayoyi suna da allon madannai na Hausa, wanda ya rubuta "kura ta tashi a kasuwa" yana nufin ƙura, shi ya jawo wa kansa gudun jama'a.

Alhamza da sunayenmu

A harsunan tsara manhaja da dama, alamar da muke rubuta alhamza da ita tana da wani aiki dabam: ita ce ke nuna farkon zance da ƙarshensa. A harshen Python, wanda wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991, idan ana son na'ura ta rubuta suna sai a ce:

print('Musa')

Wannan zai yi daidai. Amma a gwada:

print('Asma'u')

Na'ura za ta ɗauka zancen ya ƙare a Asma, ta rasa yadda za ta yi da ragowar, ta tsaya cik. Gyaran ba shi da wuya ko kaɗan, sai dai mai tsara manhajar da bai taɓa tunanin Sa'adu da Mas'udu da Nana Asma'u ba, sau da yawa yakan bi hanya mafi sauƙi, ya hana fom ɗinsa karɓar alamar baki ɗaya. Daga nan sai a wayi gari mutum ɗaya yana Sa'adu a takardar makaranta, Saadu a banki, Sa adu a wani katin. Ranar da aka haɗa takardun aka ce ba su dace ba, shi zai yi ta zirga-zirgar rantsuwa a kotu, ba wanda ya rubuta manhajar ba. Haka kuma kalma kamar 'ya'ya, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa ƴaƴa. Manhajar bincike ba za ta san kalma ɗaya ce ba sai an gaya mata.

Nahawu shi ne tushen

Ɗalibin da ya yi kwas ɗin ginin jimla ya san dokar nan da ke cewa jimla ta ƙunshi yankin suna da yankin aiki, ya kuma sha zana li'irabin bishiya. To, irin wannan bishiya ce kwamfuta ke ginawa duk lokacin da ta karanta umarnin da aka rubuta mata. Rabe-raben nahawu da Noam Chomsky ya yi a 1956 har yau ana koyar da shi a sassan kimiyyar kwamfuta. Larry Wall, wanda ya ƙirƙiro harshen Perl a 1987, ilimin harsuna ya karanta.

Bari mu gwada da mahaɗi. Muna cewa motar Audu, rigar Audu, amma littafin Audu. Mai gaggawa zai rubuta wa na'ura doka kamar haka: idan suna ya ƙare da a, ƙara masa r, in ba haka ba, ƙara masa n. Doka ce mai kyan gani, kuma za ta ci kalmomi da yawa. Sai a ba ta gida, ta ce gidar Audu. A ba ta ruwa, nama, suna, ta ce ruwar, namar, sunar. Dole a koma a gyara: idan sunan jinsin mace ne kuma ya ƙare da a, a ƙara r. Madalla, amma ta ina na'ura za ta san gida namiji ne, riga mace? Sai an zauna an rubuta mata jinsin dubban sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ba a gama ba. A ba ta kai, ta ce kain Audu maimakon kan Audu. Haka rai da mai da kyau, inda tagwan wasali ke zubar da rabinsa. Nan ma sai an ƙara sharaɗi.

Abin da muka yi yanzu, wato kafa doka, gwada ta, gano inda ta karye, a gyara, a sake gwadawa, shi ne aikin mai tsara manhaja daga safe har dare. Ragowar haddar kalmomi ce, kuma keɓaɓɓun kalmomin Python 35 ne kacal. Saboda haka a ganina kuskure ne a fara koya wa yaro wannan fanni da haddar Ingilishi. A fara da Hausa, a sa shi ya bayyana yadda ake dama kunu mataki-mataki, ba tare da ya tsallake komai ba, har da abin da za a yi idan ya yi gudaji. Wanda ya iya wannan ya iya tunanin. Kalmomi 35 ba za su gagare shi ba. Python ma tun fitowarta ta uku a 2008 tana yarda mutum ya raɗa wa abubuwansa suna da ƙ ko ɗ.

Batun sana'a

Hukumomin da ke riƙe da wannan fanni a Abuja suke. An kafa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA a 2001, a 2020 aka buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira a ƙarƙashinta, a 2023 kuma ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3. Shiga irin waɗannan yana da kyau, amma kada a ruɗi kai. Horon 'yan watanni ƙofa ce kawai, kuma wanda ya iya rubuta manhaja zalla yana gogayya ne da takwarorinsa na Indiya da Masar da Kenya, ga kuma na'urorin da yanzu suke rubuta manhaja da kansu. Abin da ɗan Bangalo ba zai yi ba shi ne ya bambanta baƙi na launi da baƙi na masu ziyara, waɗanda rubutunsu ɗaya ne, karin sauti da tsawon wasali ne suka raba su.

Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya sa ta a 2016. Duk da haka, a 2018 wani binciken BBC kan yadda hotunan ƙarya suka rura wutar rikici a Jihar Filato ya gano cewa masu tantance labarai huɗu ne aka keɓe wa Nijeriya a ƙarƙashin shirin Facebook, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Na'urar da ba ta san habaici da zambo da gatse ba, za ta bar kalaman da ke sa a zubar da jini su wuce, ta goge wasan taubasai. Masu bincike irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero sun fara toshe wannan giɓi: a aikin NaijaSenti na 2022, mutane ne masu jin harshen suka zauna suka tantance dubban saƙonnin Twitter, suna nuna wanda yake yabo da wanda yake suka, don na'ura ta koya.

Aikin gwaji

Ga kalmomi shida da jam'insu: taga, tagogi, ƙofa, ƙofofi, fuska, fuskoki, mota, motoci, tasa, tasoshi, gada, gadoji. Ɗalibi ya rubuta dokar da ke samar da wannan jam'i mataki-mataki, kamar yana yi wa wanda bai taɓa jin Hausa ba bayani. Uku na farko za su bi doka ɗaya. Uku na ƙarshe sai an tuno da darasin ganɗantawa. Bayan nan sai ya ba abokinsa dokar tare da kalmar ƙasa, ya ce ya bi ta sau da ƙafa, a ga abin da zai fito.