Hanyar Keke da Ruwan Damina

Zariya tsohon birni ne wanda aka kewaye da ganuwa ta ƙasa, tsawonta ya wuce kilomita 10. A jikin ganuwar akwai ƙofofi, kamar su Ƙofar Doka, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kona, da Ƙofar Jatau. Ita wannan ta ƙarshe ana danganta sunanta da Sarkin Zazzau Isyaku Jatau, wanda ya yi sarauta a ƙarshen ƙarni na 18, kafin jihadi. Tun zamanin da, ta waɗannan ƙofofi manoma suke fita gona da sassafe, ta nan kuma mutanen ƙauye suke shigo da kayansu kasuwa.

Dā da ƙafa ake tafiya, ko bisa jaki, ko doki. Daga baya keke ya zo, sa'an nan babur. Yanzu an zuba wa manyan tituna kwalta, amma lunguna da yawa na cikin birni, da ƙananan hanyoyin da suka ratsa gonaki a bayan ganuwa, har yanzu na ƙasa ne. Su ne hanyoyin mai keke. Da rani ba su da wani laifi sai ƙura. Da damina ne ake gane hanyar da aka kula da ita da wadda aka yi wa sakaci.

Yawan ruwan da hanya take sha

A ƙasar Zazzau damina takan kama daga wajen watan Mayu zuwa farkon Oktoba, ruwa kuwa ya fi yawa cikin Agusta, lokacin marka. Ruwan da ake samu a shekara yakan kai wajen milimita 1,000. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. To, hanya mai tsawon mita 100 da faɗin mita ɗaya, lita 100,000 take sha a damina guda, watau cikin duro 500 mai cin lita 200. Wannan ban da ruwan da indararo yake kwararo mata daga soraye, da wanda rariyoyin gidaje suke fitarwa.

Dukan ruwan nan dole ya sami wurin zuwa. Ruwa ba ya hawa tudu, kullum gangare yake nema, har ya faɗa kududdufi, ko rafi, ko kogi irin su Kubanni da Galma. In an yi masa tasa hanya, sai ya bi ta lami lafiya. In ba a yi masa ba, sai ya ƙwace ta mutane.

Yadda sawun taya yake zama kwazazzabo

Idan ƙasa ta jiƙa takan yi laushi, tun ba mai yumɓu ba. Tayar keke siririya ce, nauyin mutum da na kayansa duka a kan ɗan wuri kaɗan suke taruwa. Saboda haka in keke ya bi ta kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ya bar sawu mai zurfi kamar an ja layi da sanda. Wannan sawu shi ne mafarin ɓarna. Da an sake yin ruwa, sai ya taru cikin sawun ya dinga gudu. Gwargwadon saurin ruwa, gwargwadon ƙasar da yake kwashewa. Yau ɗan layi ne, gobe ya zama rami, kafin kaka ya zama kwazazzabo wanda ko jaki ba ya iya tsallakewa. Gaskiyar Hausawa da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Akwai wata ɓarna kuma. In ruwa ya kwanta a tsakiyar hanya, kowa yakan kauce ya bi gefe don kada taɓo ya ɓata masa tufafi. Na farko ya take ciyawar gefe, na biyu ya ƙara matsawa, har hanya ta ci kunyar gonar wani. Ciyawar da aka tattake kuwa ita ce saiwoyinta suke riƙe da ƙasa. Ta haka hanya ta lalace, shuka ta lalace, wani lokaci har rigima ta tashi tsakanin mai gona da masu wucewa.

Ita ma ganuwa ba ta tsira ba. Da ƙasa aka gina ta, ruwan shekara da shekaru ya zaizaye ta, a wurare da yawa ba abin da ya rage sai tudu. Yaron da yake hawa wannan tudu da keke don wasa, yana gangarowa yana jan birki, taya kuwa tana kankare ƙasa, taimaka wa ruwa yake yi wajen rushe abin da kakanni suka bari.

Abin da wasu ƙasashe suka gano

Ba a Zariya kaɗai ake fama da wannan ba. A Ingila, a farkon ƙarni na 19, an yi wani gwanin aikin hanya mai suna John McAdam. Shi ya nuna wa mutane cewa ƙarfin hanya yana ga bushewarta. Ya sa a riƙa ɗaga tsakiyar hanya kaɗan, a haƙa lambatu a gefe, a shimfiɗa ƙananan duwatsu a daddanne su.

A Amurka kuma, cikin shekarun 1970, waɗansu samari na gundumar Marin a jihar Kalifoniya suka fara gangarowa daga duwatsu bisa tsofaffin kekuna masu faffaɗar taya. Daga nan aka sami keken hawan dutse, mai giya da yawa da taya mai haƙora. Da masu wannan wasa suka yawaita, sai aka fara kuka da su, har aka hana su bin waɗansu hanyoyi. A shekarar 1988 suka kafa ƙungiya mai suna IMBA, wadda take koya wa mutane gyaran hanyoyin daji. Cikin ƙa'idodinsu akwai cewa hanyar da ta bi gefen tudu a ɗan karkata ta wajen gangare, misalin santimita 5 a faɗin mita ɗaya, don ruwa ya tsallake ta ya wuce. Sun kuma ce kada a hau hanya tana taɓo. Ƙasar da ke gindin Dutsen Kufena, yamma da Zariya, da ta duwatsun Kalifoniya, halinsu ɗaya ne in sun sha ruwa.

Gyaran hanya

Gyara da bazara ake fara shi, tun hadari bai haɗu ba, gama rigakafi ya fi magani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka aikin gayya ya fi dacewa. Mai unguwa ya sa rana, kowa ya fito da abin da yake da shi: wani fartanya, wani shebur, wani diga, wani baro ko kwando.

Da fari a yashe lambatu, a kwashe yashi da leda da sauran shara, a buɗe bakin kwalbati. Na biyu, a cike ramuka. Ba a cika rami da shara ko da yumɓu, domin shara ruɓewa take yi, yumɓu kuma santsi yake kawowa. Tsakuwa da marmara su ne maganin rami. A zuba kaɗan kaɗan, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai, sa'an nan a ƙara. Na uku, a ɗaga tsakiyar hanya ta fi gefenta tudu, kamar bayan kunkuru. Na huɗu, inda hanya ta yi doguwar gangara, a yanka 'yan magudanai a karkace nan da can, su riƙa fitar da ruwa gefe tun bai yi ƙarfi ba. Na biyar, a bar ciyawar gefen hanya, a ma dasa irin su jema da gamba inda ƙasa take zubewa.

Abu ɗaya ne za a kiyaye ƙwarai: kada a juya ruwa ya nufi gindin katangar wani. Katangar ƙasa in gindinta ya jiƙa faɗuwa take yi, ta kuwa sha hallaka mutane cikin dare.

Yara ma suna da nasu aiki. Bayan an ɗauke ruwa, yaron da ya ga leda ta toshe magudana ya sa sanda ya janye ta, ya yi aikin da watakila zai hutar da manya goma.

Hawan keke cikin damina

Mai hankali ba ya fita da keke ana cikin ruwa, sai da larura. In an yi ruwa mai yawa, ya dakata ƙasa ta tsane. Ga yadda zai gane: in ya waiwaya ya ga tayarsa tana barin sawu mai zurfi, ko taɓo yana manne mata, to, hanya ba ta isa hawa ba, sai ya sauka ya tura.

In ya tarar da ɗan ruwa ya kwanta, yana kuwa ganin ƙasansa, ya bi ta tsakiya a hankali, kada ya ratsa gonar mutane. Amma ruwan da yake gudu, ko wanda ba a ganin ƙasansa, ba a shigarsa ko kaɗan. Ƙarƙashinsa rami na iya kasancewa, ko bakin kududdufi.

Birki ba ya kamawa sosai in robarsa da ƙarfen taya sun jiƙa. Saboda haka a rage gudu, a fara taɓa birki tun daga nesa, a kama na gaba da na baya tare, sannu sannu. Wanda ya damƙe birki farat ɗaya, tayarsa za ta zame, shi ya sha ƙasa, hanya kuma ta sami sabon rauni. Kada a yi goyo ko a ɗora kaya masu nauyi a kan santsi. In ana tsawa, a nemi zaure a fake, kada a tsaya gindin doguwar itaciya. In an zo wuce dattijo, a rage gudu a gaishe shi, kada a fantsama masa taɓo. Sannu ba ta hana zuwa.

In an komo gida a wanke taɓo tun bai bushe ba, a goge keke da tsumma, a ɗiga wa sarƙa mai don kada ta yi tsatsa. A duba robar birki, gama yashi yana cinye ta da sauri, in ta suɗe a kai wa mai gyara ya sake wata.

Hanya ta kowa ce. Manomin da zai kai taki gona, da mai tallan nono, da ɗan makaranta, da wanda zai kai majinyaci asibiti cikin dare, duk ita za su bi. Wanda ya haƙura ya tura kekensa yau, shi zai sami hanya mai kyau ya hau gobe.

Tambayoyi

1. Faɗi sunayen ƙofofi huɗu na birnin Zariya.
2. Yaya sawun tayar keke yake zama kwazazzabo?
3. Don me ake ɗaga tsakiyar hanya ta fi gefenta tudu?
4. Hanya mai tsawon mita 200 da faɗin mita ɗaya, lita nawa za ta sha in an yi ruwa milimita 1,000?
5. Rubuta abubuwa uku da za a yi wa keke bayan an hau shi cikin taɓo.