Yawo da Ɗaukar Hoto a Duwatsun Gaɓar Teku: Abin da Ya Kamata a Sani

Gaɓar tekun Atlantika a ƙasar Ghana, daga Cape Coast zuwa Elmina har Cape Three Points, wuri ne da rairayi da duwatsu suka cakuɗe. A kan waɗannan duwatsu aka kafa tsofaffin ganuwoyin Turawa, ciki har da ta Elmina wadda 'yan Fotugal suka gina a 1482, kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1979. Saboda haka baƙi ba sa yankewa, har da mutanen zango da 'yan uwansu masu zuwa daga arewa. Galibinsu kogi suka sani, halin teku kuwa daban yake.

Cika da janyewa

Teku takan cika sau biyu, ta janye sau biyu, a cikin sa'a 24 da minti 50. Tsakanin cika da janyewa akwai kimanin sa'a 6, kuma kullum lokacin yakan ƙara jinkiri da wajen minti 50. Wata da rana ne ke jan ruwan, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Dutsen da aka taka a bushe da hantsi yana iya zama tsibiri kafin azahar. Don haka a fita lokacin da ruwa ke janyewa, a komo tun bai fara dawowa ba. Masunta sun san wannan lissafi sarai, kuma matambayi ba ya ɓata.

Igiyar ruwa

Igiyoyin ruwa ba girmansu ɗaya ba. Ƙanana sukan yi ta zuwa har mutum ya saki jiki, sannan babba ta taso ta share dutsen. Kafin a hau kowane dutse, a tsaya nesa a lura da shi na rubu'in sa'a. Wanda aka gani a jiƙe, ruwa na kai masa. Daga Yuli zuwa Satumba teku ta fi hauka. Babbar doka ita ce kada a juya wa teku baya, kuma a nan masu ɗaukar hoton kansu da waya suka fi yin ganganci.

Sawu da sutura

Baƙin dutse mai sheƙi da koren gansakuka santsi gare su. A cikin ramukan da ruwa ke kwanciya akwai wata halitta mai dogayen ƙayoyi baƙaƙe, waɗanda ke karyewa a cikin tafin ƙafa. Silifa ba ta da amfani a nan, sai takalmi mai igiya da ƙasan roba. Babbar riga da dogon mayafi sukan yi nauyi idan sun jiƙe. Kyamara ta kasance a rataye, hannuwa biyu a sake. Ba a tafiya ido na kan gilashin kyamara: a tsaya, a kafa ƙafa, sannan a ɗauka.

Haske da kayan aiki

Hasken safiya da na bayan la'asar sun fi fitar da kamannin dutse. Rana takan faɗi wajen ƙarfe 6 duk shekara, duhu kuma ba ya jira. Feshin gishiri yana ɓata gilashi da ƙarfe, sai a goge kaya da tsumma mai laushi bayan an dawo. Ba a ɗaukar masunta da kwale-kwalensu sai da izininsu.

Idan tsautsayi ya auku

Kada mutum ya fita shi kaɗai, kuma a gida a san inda ya nufa da lokacin komowarsa. Wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi. Ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannu. Na tudu kada ya faɗa bayansa. Ya jefa masa igiya ko jarka marar komai a rufe, ya yi kururuwar kiran masunta, ya buga 112, lambar agajin gaggawa a Ghana.