Idan Gaba Ya Ƙi Daina Faɗuwa

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18
Ayar haddacewa: 1 Bitrus 5:7

Idan kana zaune a Sabon Birni, ko Isa, ko ƙauyukan da ke kewaye da tsohon birnin Alkalawa, ba sai an koya maka tsoro ba. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disamban 2021 an ƙone motar matafiya da mutane a cikinta kusa da Gidan Bawa. Iyalai da yawa sun bar gonakinsu, sun tsallaka zuwa jihar Maradi. Waɗanda suka tsira da ransu, ba dukansu suka tsira da kwanciyar hankali ba.

Allah ne ya halicci jikinka da dabarar kare kai. Da zarar ka ji haɗari, jiki yakan saki wani sinadari mai suna adrenalin, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, domin ka iya gudu. Matsalar tana zuwa ne sa'ad da haɗari ya wuce amma jiki ya ƙi sauka. Babur ya wuce da dare, sai gumi ya keto maka. Barci ya ƙaura, hannu yana rawa, ciki yana murɗawa, kana saurin fushi da yara, kullum zuciya tana raya maka mugun abu. Idan wannan ya ɗauki watanni har yana hana ka aiki ko zuwa sujada, likitoci suna kiransa ciwon fargaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da shi, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani. Ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana jin magani.

Dubi annabi Iliya. A Dutsen Karmel ya yi addu'a, wuta ta sauko daga sama. Amma da Yezebel ta aiko masa da barazanar kisa, ya gudu zuwa Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya shiga jeji shi kaɗai, har ya roƙi mutuwa. Wa zai ce Iliya ba shi da bangaskiya? Lura da abin da Ubangiji ya yi. Bai tsawata masa ba. Ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu, ya bar shi ya yi barci. A Horeb ya tambaye shi, ya saurari kukansa. Sa'an nan ya sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha abokin hidima. Allah ya kula da jikin bawansa, da zuciyarsa, da kaɗaicinsa.

Kai ma ka bi wannan hanya:

1. Ka ci abinci a kan lokaci. Rage goro da shayi mai ƙarfi da yamma.
2. In bugun zuciya ya taso, zauna, ja numfashi a hankali ta hanci, ka fitar a hankali, har na 'yan mintoci, kana kiran sunan Yesu.
3. Daina kallon bidiyon kashe-kashe da ake turowa a WhatsApp, musamman kafin kwanciya.
4. Kada ka nemi sauƙi wurin tramol ko giya, ko ƙwayar barcin da likita bai rubuta ba.
5. Faɗa wa fasto ko wani amintaccen mai bi abin da ke damunka.
6. Je asibiti a duba ka. Idan ana bukatar ƙwararru, akwai asibitin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kware, kusa da Sakkwato. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita (Kolosiyawa 4:14), saboda haka shan magani bai rushe addu'arka ba. In tunanin kashe kanka yana zo maka, kada ka kwana da shi, ka gaya wa wani yau.

Idan kuma ɗan'uwa ne ya kawo maka kukansa, kada ka ce masa ƙarancin bangaskiya ne. Saurare shi, yi addu'a tare da shi, ka raka shi wurin likita.

Furci: Ni ɗan Allah ne. Fargaba ba za ta mallake ni ba, kuma ba zan ji kunyar neman taimako ba.

Addu'a: Ya Uba, kai da ka ciyar da Iliya a jeji, ka kwantar da zuciyata ta wurin Ruhunka Mai Tsarki. Ka ba ni barci mai daɗi, ka haɗa ni da masu taimako, ka kawo salama a ƙasar Gobir. A cikin sunan Yesu, Amin.