Yadda Ɗalibin Hoto Zai Zaɓi Kyamarar Fim Mai Sauƙin Kuɗi

Duk ɗalibin da malaminsa ya ce ya nemo kyamarar fim, shawara ɗaya ake ba shi: ya sayi Pentax K1000 ko Canon AE-1. An yi ta maimaita wannan shawara har kuɗin waɗannan biyu ya haura abin da suka cancanta. Kyamarar fim akwati ce kawai da ke tsare haske har sai ka ba shi izinin shiga. Gilashin da ke gaba da fim ɗin da ke ciki su ne masu yin hoto. Saboda haka lafiyar kyamara za ka saya da kuɗinka, sunan da ke goshinta kuwa ya zo daga baya.

Da farko, kafin ka fitar da ko sisi, nemo inda za a wanke maka fim. Yawancin shagunan wankin hoto sun koma buga hotunan waya da na dijital, injinan wankin fim an daɗe da jingine su. Fim mai launi ana wanke shi ne da tsarin da ake kira C-41, a zafin da ya kusa digiri 38 ba ƙari ba ragi, kuma wannan aikin masu inji ne. Baƙi-da-fari kuwa kana iya wanke shi a ɗakinka da ɗan tulun wanki da magunguna, a digiri 20. A watannin bazara ruwan famfonmu ya wuce haka nesa, sai ka tanadi ƙanƙara da ma'aunin zafi. Idan makarantarku tana da ɗakin duhu, ka huta. Idan babu, ka san amsar wannan tambaya tukuna.

Na biyu, girman fim: 35mm, mai ɗaukar hoto 24 ko 36. Idan aka miƙo maka kyamara mai cin fim na APS, mayar da ita, tun 2011 aka daina yin fim ɗin. Manyan kyamarori masu cin fim 120 suna da kyau, amma hoto 12 kacal za ka samu a naɗi guda idan mai murabba'i ce, ɗalibi kuma yana buƙatar ya ɗauka da yawa.

Na uku, nemi irin da ake kira SLR, wadda kake leƙawa ta cikin gilashin da zai ɗauki hoton, kuma wadda za ta bar ka ka saita abu uku da hannunka: faɗin ƙofar haske, saurin labule, da fitowar hoto tangaran. Ƙananan kyamarorin aljihu masu yin komai da kansu ba za su koya maka komai ba, in kuma suka lalace babu mai gyara su.

A cikin SLR ɗin ma na fi son waɗanda labulensu ke aiki da sifirin da giya, ba da wuta ba. Dalilin da ya sa K1000 ta yi suna ke nan: an ƙera ta daga 1976 har 1997, kuma batir ɗinta ma'aunin haske kaɗai yake yi wa aiki. Ko ya mutu, kyamara tana ɗauka. AE-1, wadda ita ma ta fito a 1976, ba haka take ba. In babu batir ɗinta mai bolt 6, ko motsi ba za ta yi ba, kuma ba kowane kanti ke da shi ba. Amma K1000 ba ita kaɗai ba ce. Pentax KM ta 1975 yayarta ce, har ta fi ta kayan aiki, kuma sau da yawa ta fi ta arha don ba a san ta ba. Ricoh KR-5 tana karɓar gilasan Pentax ɗin nan dai. Nikon FM10, wadda kamfanin Cosina ya ƙera wa Nikon, jikinta roba ne amma tana aiki. Ni dai in aka bar ni, Yashica FX-3 nake nuna wa ɗalibi: ba ta da nauyi, tana cin ƙananan batura LR44 guda biyu irin na kalkuleta, kuma fatar jikinta da ke saɓulewa tana karya mata kuɗi alhali ba ta taɓa hoto da komai.

A kula da Minolta SRT-101 da Olympus OM-1. Kyawawa ne ƙwarai, amma an yi ma'auninsu ne don batir mai sinadarin makuri na bolt 1.35, wanda aka daina sayarwa. Batir na yanzu mai 1.5 yana sa ma'aunin ya yi ƙarya. Ana maye gurbinsa da batir ɗin na'urar taimaka wa ji, lamba 675, sai dai ba ya daɗewa. Zenit ta Rasha arha ce, amma nauyi gare ta kuma tagar leƙenta duhu.

Inda za ka samu: fara da tsofaffin masu hoto na garinku. Da yawansu suna da irin waɗannan a akwati tun da dijital ta shigo, kuma za su ba ka ka riƙe ka duba. Wannan ya fi sayen abin da hotonsa kawai ka gani a intanet.

Yanzu ga aikin da ya fi kowanne, wato dubawa. Kada ka yi shi a tsaye cikin gaggawa. Je da sabon batir da fitilar waya, ka nemi wuri ka zauna.

Buɗe ramin batir tukuna. In ka ga farin gari ko kore, batir ya taɓa fashewa a ciki. Kaɗan ne, ruwan lemun tsami a tsinken auduga yana cire shi. In ya ci ƙarfen har ya bi waya, ma'auni ya tafi.

Sai ka ja maɗaurin naɗe fim sama, bayan kyamara ya buɗe. Kada yatsanka ya taɓa labulen da ke tsakiya, ko kusa. Cire gilashin gaba, ka fuskanci sama ko farin bango, ka ɗana, ka danna a kowane sauri tun daga 1 har 1000. A kan 1 labule zai buɗe na daƙiƙa guda, ka ji ƙarar giya tana tafiya sumul. In ta tsaya a hanya ko ta yi jan ƙafa, man ciki ya daskare. A kan 500 da 1000 ka zuba ido sosai: dole ka ga walƙiyar haske ta cika murabba'in gaba ɗaya. In gefe guda ya yi duhu, ko ba ka ga haske ba sam, labule na biyu yana kamo na farko, kuma kowane hoton da ka ɗauka da rana zai fito da rabi baƙi. Wannan ciwon ba a ganin sa a hoton talla, mai sayarwa ma sau da yawa bai san da shi ba, gyaransa kuma yakan fi kuɗin kyamarar. In labulen na yadi ne, haska fitila ta bayansa a wuri mai duhu, kafin ɗanawa da bayanta, ka nemi ƙananan huji.

Duba soson da ke bin bakin murfin baya da wanda madubi ke bugawa. A kyamarar da ta shekara arba'in, kusan kullum ya narke ya zama baƙin danƙo. Wannan kada ya hana ka saye. Ana kankare shi da tsinken sakace da ɗan sifirit, a liƙa sabo, wasu ma baƙin zaren ulu suke turawa a cikin ramin. Sai dai ka nuna wa mai kaya, a rage maka.

Gilashi kuma, wanda ya zo da kyamarar na 50mm, mai lamba 1.7 ko 1.8 ko 2, shi za ka nema. Ya fi kowanne arha da kaifi. Dogayen gilasan zuƙowa marasa suna da ake haɗawa a ce kyauta ne, bar su. Buɗe ƙofar haske duka, ka haska fitila ta baya, ka duba ta gaba a karkace. Ƙura ba komai ba ce, babu tsohon gilashin da ba shi da ita. Abin tsoro shi ne fumfuna, wadda take fitowa kamar saƙar gizo daga gefe, da kuma hazo mai kama dukan fuskar. Fumfuna tana cin rufin gilashi, kuma danshin da ya haife ta zai iya haifar da ita a sauran kayanka. Rufe ƙofar zuwa 16, ka taɓa ɗan ƙarfen da ke bayan gilashin: ganyayen su buɗe su rufe nan take, a bushe. In suna ƙyalli da mai ko suna nawa, hotunanka za su riƙa ƙonewa da haske. Ka kuma sani bakin kowane kamfani daban yake. Ko a gidan Canon, gilashin FD na AE-1 ba ya hawa EOS da aka fara a 1987.

Ma'aunin haske shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi ƙarancin muhimmanci. Gwada shi a tsakar rana: da fim mai lamba 200, sauri 250, ya kamata ya nuna ƙofa wajen 16. In ya mutu amma sauran lafiya, saya a rage kuɗi. Akwai manhajar auna haske a waya, kuma wannan lissafi na 16 da rana, 11 in akwai hazo, 5.6 a inuwa, zai kai ka nesa.

Wajen ciniki, nemi sharaɗi ɗaya: ka gwada naɗi guda, in akwai matsala ka dawo da ita. Sa fim mafi arha, Kentmere ko Fomapan in baƙi-da-fari ne, Kodak ColorPlus in mai launi. Bayan ka rufe murfi, tabbata maɗaurin naɗe fim yana juyawa duk sanda ka ɗana. In ba ya juyawa, fim bai kama ba, iska kake ɗauka. In an wanke, jan zane a gefe yoyon haske ne, hotuna masu hawa kan juna kuma giyar ja ce ta gaji.

In kuɗin ya yi ƙasa ƙwarai, kada ka raina Canon EOS 300 da ire-irenta na ƙarshen shekarun 1990. Roba ce, batir take ci, ba ta da kwarjini, amma tana da saitin hannu kuma ma'auninta daidai yake.

Ajiya: a hunturu kada ka canja gilashi a fili cikin ƙura. A damina kada ka kulle kyamara a jakar fata, ajiye ta inda iska ke shiga, tare da ƙunshin shan danshi irin na kwalin takalmi. Cire batir in za ta daɗe a ajiye. Fim kuma ba ya shiri da zafi, kada ya yini a mota.

Ka raba kuɗinka biyu tun a gida. Rabi na kyamara da gilashi, rabi na fim da wanki, domin naɗi kaɗan da wankinsu kan cinye kuɗin kyamarar kanta. In kyamarar da ke gabanka za ta taɓa rabin fim, bar ta ka nemi wata.