Darasi na 14: Duwatsun Awo Cikin Jakar Ɗan Kasuwa

A karanta: Farawa 23, Kubawar Shari'a 25:13-16, Amos 8:4-8.

A zamanin kakannin Isra'ila ba a san kuɗin ƙarfe ba. Sai wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu aka soma buga su a ƙasar Lidiya. Kafin wannan, auna azurfa akan yi. Sa'ad da Ibrahim ya sayi kogon Makfela daga hannun Efron, shekel 400 ya auna masa a ƙofar gari, a kan idon Hittiyawa. Shekel ɗaya nauyinsa wajen giram 11 ne. Al'adar ƙasar ita ce a yi ciniki a gaban shaidu, domin kada wani ya yi musu daga baya.

Amma ba kullum akan sami shaidu ba. Ɗan kasuwa yakan riƙe duwatsun awonsa cikin jaka. Idan marar gaskiya ne, sai ya ajiye iri biyu: mai nauyi domin saye, marar nauyi domin sayarwa. Talaka ba shi da hanyar ganewa. Saboda haka Shari'ar Musa ta hana mutum ko da ajiye su, ta kuwa kira wannan abin ƙyama ga Ubangiji.

Wajen shekara 760 kafin Almasihu, a zamanin Yerobowam na biyu, Isra'ila ta yi arziki. Annabi Amos ya tarar 'yan kasuwa suna kiyaye al'ada sarai, gama ba su sayarwa ran Asabar, ko ran tsayawar wata. Duk da haka sun ƙosa ranar ta wuce, su koma rage mudu, su ƙara nauyin dutse, su haɗa hatsi da ƙaiƙayi. Wanda bashi ya ci ƙarfinsa kuwa, sai su saye shi a bakin kuɗin takalmi. Amos ya ce Allah ba zai manta ba. A shekara ta 722 Assuriyawa suka ci Samariya.

Nan muke koyo cewa al'ada tana tsare abin da mutane ke gani, tsoron Allah kuwa yana kai har cikin jaka. Mu da muke auna dawa da mudu, bari mu bincike kanmu.

Tambayoyi
1. Don me Ibrahim ya biya a gaban jama'a?
2. Wane abu 'yan kasuwar Isra'ila suka kiyaye, wane kuma suka yar?
3. Mudun da muke saye da shi, shi ne muke sayarwa da shi?