Mu San Halin Dabbobin Gidanmu

'Yan'uwa ɗalibai, kamar yadda halinmu ya bambanta a aji, haka na dabbobin da muke zaune da su.

Kyanwa ba ta son takura. Wata tana goga jiki a ƙafar mutum, wata kuma sai dare take fitowa farautar ɓera. Takan yi barcin awa 12 ko fiye a rana, kuma ba lalaci ba ne. A nan Yauri da kifi yake da yawa, mu rufe banda sosai, mu ba ta rabonta, sai ta rage sata.

Tattabara ƙwai biyu take yi. Namiji da mace suna kwanci a kansu bi da bi, wajen kwana 18. Ga darasin taimakon juna.

Kare yana gane mai gidansa, yana gadi. Amma idan ya sauya hali, yana dalalar da miyau, yana cizon komai, mu nisance shi. Alamar ciwon haukan kare ce, kuma ciwon yana kisa. Wanda aka ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya da shi asibiti. Iyayenmu su riƙa yi wa karnuka allurar rigakafi.

Sanin hali ya fi sanin kama.